Waya Zuwa Ɗakin Baya

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da aikin da ya kwashe ka ya kai ka inda ko layi ba ya shiga. Na gaji da kiran lambarka ana ce mini a kashe take, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda. Ya ce ya san ka, wai kai ne dogon nan da kullum yake saman kwano.

Mu nan da sauƙi. Yara lafiya, babansu lafiya. Baba kuma yana nan yadda ka ji labari: ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, sai hannun hagu da idanu. Yana ci in an ba shi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti muka tattaro muka dawo gidansa, muka sa shi a ɗakin baya don shi ne mai banɗaki a ciki. Ka san ɗakin, a nan ka kwana duk shekarun da kake koyon aiki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kullum bayan magariba, ni da baban yara muke ɗora shi a farar kujerar roba mu ɗauko shi. Mu bi lungu, mu tsallake kwata, mu hau matakalar baranda, mu sauke shi a falo. A sa masa rimot a hannun hagu, sai ka ga mutum ya dawo. Ya kunna labarai, yara su yi ta ƙunƙuni, ya ɗaga musu gira, ya ɗan kai su tasharsu, ya dawo da abinsa. A duk wuni wannan ne kaɗai lokacin da yake cikin mutane.

Yanzu an mayar da baban yara aikin yamma. Maƙwabcinmu mai walda ne yake kama mini, ni kuma har nauyin buga masa ƙofa nake ji. Ga bayana ya ƙi. Likita ya ɗaga hoton ƙashina ya nuna mini wani wuri da biro, ya ce in ci gaba da ɗaukar nauyi in ina so a shimfiɗa mini gado kusa da na Baba.

Shi ne na ce bari in kai masa kallon ɗakinsa. Akwai ƙaramin talabijin ɗin nan na ɗakina. Na sayo wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, na sayi da yawa na haɗa su baki da baki, na ja daga dikodar falo har ƙofar ɗakin baya, na gwada da rana yana barci. Hoton ya zo kamar ana kallonsa ta cikin ruwan wanki, sauti kuma ban da gurnani ba abin da ke fita. Kai ka kafa dish ɗin gidan nan, kai ka san kansa. Wace waya zan saya da za ta kai hoto da magana har can ba su lalace ba?

Ban gaya masa ba tukuna. Na san abin da wayar nan take nufi, Dogo. Ranar da hoto ya isa ɗakinsa, ranar shi ya daina isa falo. Na juya maganar a raina ina jira in ji tausayi ko kunya, ban ji ko ɗaya ba. Barci kawai nake ji.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a kan tsani, na sauko na karanta ta a inuwar ɗakin janareta. Ina lafiya, sai ɗan zazzaɓi da ya kwantar da ni kwanakin baya, ya wuce. Aiki kuwa ba a magana. Gidajen ma'aikata ake ginawa jere-jere, kowane ɗaki sai an ja masa waya, kuma ni kaɗai ne. Ki gaishe mini da Kawu, ki kama hannun nan nasa na hagu ki ce Dogo ne. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki lafiyar bayan. Ki gai da yara da babansu.

To, maganar waya. Mai kai ukun nan ki tattara ki ba yara su yi tsallen igiya da ita. An yi ta ne don dikoda da talabijin da ke zaune kan teburi ɗaya. Siririya ce, tafiya kaɗan hoto ya gaji a cikinta, kuma duk inda kika haɗa biyu ƙofa kika buɗe wa gurnani. Kada kuma mai shago ya lallaɓa ki ya sayar miki da doguwar HDMI, mai faffaɗan kan nan. A kusa babu kamarta, amma a nisan ɗakin baya yau ta kawo, gobe allo ya yi baƙi ƙirin, ki rasa wanda za ki kama.

Hanya biyu ce. Akwai wayar eriya, zagayayyar nan mai kauri irin wadda ta sauko daga dish. Tana da juriya, tana tafiya nesa, sai dai hoton da za ta kai tsaka-tsaki ne. Akwai kuma wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita, mai sirara takwas a ciki, tare da ƙananan akwatuna biyu: ɗaya ya zauna a falo ya karɓi hoto daga dikoda, ya ba talabijin ɗin falo nasa, ya aika sauran, ɗaya ya zauna a ɗakin Kawu ya karɓa. Ni ita na zaɓa miki. Na san Kawu da karanta rubutun nan da ke gudu a ƙasan labarai, har ya riƙa gyara musu kuskure. A wayar eriya rubutun dushewa zai yi.

Ki auna da igiya, amma ki bi jikin bango kwana-kwana yadda wayar za ta bi, ki ƙara kaɗan a kai. Ki sayo ta guda ɗaya, ba haɗi ko ɗaya. Kafin ki biya ki kankare bakin siririya ɗaya da reza. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ne, ki saya. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa launi, ki ajiye masa abarsa. Kada ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar lantarki. Inda za ta ratsa tsakar gida a sa ta cikin bututun roba saboda rana da ɓera. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi, kada ƙusa ta matse ta.

Amma Yaya, in tambaye ki mana. Ba a samun keken marasa lafiya ne? Mutumin da ya riƙe gidan nan, ya riƙe ni da ba shi ya haifa ba, ba na so a ce ƙarshensa an ja masa waya an janyo ƙofa, kamar kayan da aka kai sito. Ban ce haka kike nufi ba.

Ƙaninki, Dogo.

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata zazzaɓin bai dawo ba. Mu lafiya. Baba jiki yana nan yadda yake. Ka ga na daɗe ban amsa ba, direban ya zo ya koma, ya sake zuwa, ban ba shi komai ba.

Ka ce ba ka ce haka nake nufi ba. To amma ka rubuta. Keke mun aro tun farkon ciwon, ya shiga lungu ya maƙale a wajen tankin ruwa, sai da muka ciro Baba ta sama. Ko ya wuce nan, kwata na jiransa, matakala na jiransa. Sito kuwa, ni nake share shi. Ni nake juya kayan da ke ciki don kada bayansa ya yi gyambo, ni nake wanke zanin gado kafin yara su tashi. Ban ji haushinka ba, da na ji ma da na yi murna. Na dai karanta layin na ninke takardar.

Na auna, mita arba'in da biyar ta kama har da ƙarin da ka ce. Na je shago da reza a bakin mayafi. Mai shago ya sauko da wani ƙunshi yana cewa, "Hajiya, wannan ko kamfani ita suke sa wa, in ta ba ki matsala ki dawo mini da ita." Na kankare, sai ga fari fat. Ya dube ni ya ce, "Au, mai kyan kike so? Ai sai ki faɗa tun farko." Ya shiga ciki ya ɗauko wata. Akwatunan ma a wajensa na samu.

Ranar hutun baban yara shi da mai walda suka ja ta. Sun bi duk abin da ka ce, har bututun. Hoto ya fito tas, rubutun ƙasan labarai kamar a takarda, magana ba gurnani. Ka iya aikinka.

Da magariba ta yi, Baba ya ja jiki zuwa bakin gado kamar yadda ya saba in lokacin ɗauka ya yi. Na shigo da ƙaramin teburi, na ɗora talabijin, na kunna. Na ce, "Baba, ga shi an kawo maka har ɗaki, ka huta da jijjiga." Ya dubi hoton, ya dube ni, ya dubi farar kujera a bayan ƙofa. Na ɗauki kujerar na fitar da ita tsakar gida don ya daina kallonta.

Na sa masa rimot a hannu. Ya danna, ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa, ya girgiza shi, ya buga shi a gwiwa. A falo yara sun sa tasharsu, don haka abin da ke gabansa ke nan, wasu 'yan tsana suna tsalle suna waƙa. Haka na bar shi na je ɗora tukunya. Yanzu kullum abin da falo ya zaɓa shi yake kallo. Ina kwaɓar yara su sa masa labarai, in na juya baya su mayar.

Ba ka gaya mini rimot ba zai yi aiki daga can ba. Akwai yadda za a yi?

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na yi ta leƙen motar kaya ina ganin direba ya sauko hannu wofi, na san na yi ɓarna. Ki yafe mini. Na rubuta layin nan ina zaune nesa da bayana lafiyayye, ban taɓa ɗaga Kawu ko sau ɗaya ba. Ki ce ina gaishe shi.

Maganar rimot laifina ne, hankalina ya tafi kan hoto. Dikoda ɗaya ce, abin da ta kama shi take raba wa talabijin biyun. Shi kuma rimot ɗan haske yake harbawa wanda ido ba ya gani, sai dikoda na gabansa take jinsa. Daga ɗakin baya bango kawai yake harbi.

Akwai akwatunan da ke mayar da saƙon rimot baya ta cikin wayar da kuka riga kuka ja. Ina da biyu nawa na kaina, ga su nan na ba direba a cikin kwali. Ki cire waɗancan ki sa waɗannan, waya ba sai an taɓa ta ba. Kowanne yana da 'yar igiya. Mai ɗan ido a baki ta ɗakin Kawu ce, ki manna ta a gefen talabijin tana kallon gado. Mai 'yar fitila ta falo ce, ki ajiye ta kan teburi tana fuskantar dikoda, kada komai ya shiga tsakaninsu. In ya danna can, idon ya gani, waya ta kawo, fitilar ta gaya wa dikoda.

Sai dai ki sani, duk tashar da ya canza a ɗakinsa ta canza a falo. Ina ganin hakan ma ya fi, gidansa ne. Ki saya wa yara wani rimot na kasuwa saboda lokacin da yake barci.

Ki rubuto ko da layi biyu ne.

Dogo.

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Kwali ya iso lafiya, na gode. Maganar yafiya ta wuce. Yara lafiya, babansu na gaishe ka. Bayana ya ɗan lafa tun da na daina ɗauka, har ina iya sunkuyawa in daura wa ƙaramar takalmi. Baba cin abincinsa ya ragu, amma likita ya ce ba wani sabon abu.

Akwatunan sun yi aiki. Ranar farko yara na tsakiyar kallo sai hoto ya yi tsalle ya koma labarai. Suka dubi juna. Ƙaramar ta daka tsalle ta ce, "Kaka ne! Wallahi Kaka ne!" Suka kwasa da gudu ta lungu har ɗakin baya, suka kewaye gadon suna cewa ya sake su gani. Ɗaya ya koma falo yana ihu, "Ya canza! Ya ƙara canzawa!" Baba ya yi dariya da rabin bakinsa har miyau ya zubo. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin asibiti.

Kwanaki kaɗan abin ya zama wasa. In ya canza su ruga, su ɗan zauna, su dawo. Daga baya suka gane ba sai sun ruga ba, akwai rimot na kasuwa a hannunsu. Ya canza, su mayar. Ya canza, su mayar.

Sai ya fara yi ba ji ba gani. Ba labarai yake nema ba, ko ina ya samu kaiwa yake, har tashoshin da ba komai sai talla. Ranar hutun baban yara yana kallon ƙwallo, ana shirin buga fanareti, hoto ya tafi wajen wasu masu sayar da tukwane. Ka san shi da kunyar Baba, ya dai shafa kai ya ce mini, "Je ki duba ko Baba na son wani abu." Na je. Na ce ruwa? Ya kawar da kai. Banɗaki? Ya kawar da kai. In juya ka? Ya tsaya yana kallon ƙofa. Na san abin da yake so, shi ma ya san na sani. Na gyara masa matashi na fito.

Daga nan ya gano jan maɓallin da ke kashe dikoda gaba ɗaya. Da an idar da magariba, daidai lokacin da muke ɗauko shi a da, sai falo ya yi ɗif. A kunna, ya kashe. A kunna, ya kashe. Nasa ma yana mutuwa tare da namu, bai damu ba. Babbar ta ce, "Umma, don Allah ki yi wa Kaka magana, mu fa ba mu yi masa komai ba." Na tsakiyan ya fashe da kuka ya yi jifa da rimot.

Ranar na wuni a tsaye, na yi wanki, na kai ƙaramar asibiti an duba mata kunne. Na zauna ke nan a ƙasa na jingina da kujera, allo ya sake yin baƙi. Akwai kofin roba kusa da ni. Na miƙa hannu na kifa shi kan 'yar fitilar nan taka, na ce su kunna. Fim ɗin ya tafi har ƙarshe ba abin da ya katse shi. Ban san me aka yi a ciki ba.

Da na kai masa abinci na tarar da shi yana kallon fim ɗin yara, babban yatsansa na kan jan maɓalli yana dannawa a hankali kamar mai jan carbi. Bai dube ni ba. Na ba shi ya ci kaɗan, na goge masa baki.

Kofin yana nan a kife har yau. Kullum in na zo share teburi sai in share gefensa in wuce. Wannan karon ban san me nake tambayarka ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kada ki ga shiru ki ce fushi na yi. Ruwa ya cinye hanyarmu, motar kaya ta daɗe ba ta shigo ba, jiya takardarki ta zo hannuna duk ta yi laushi. Ina lafiya. Na ji daɗin labarin bayanki. Yaya jikin Kawu yanzu? Yana ci?

Abin da kika faɗa yana da gyara. A sa masa dikoda tasa shi kaɗai. Za a canza kan da ke gaban dish a sa mai baki biyu, a ja wayar eriya sabuwa daga can ta sauka kai tsaye ɗakinsa. A nan wayar eriya ce daidai, ita aka yi wa wannan tafiyar, ki dai nemi mai kauri mai yalwar saƙa a ciki. Shi ke nan kowa da tasharsa, ba mai kashe wa wani. Ina da dikoda a ajiye, in kin ce to sai in ba direba.

Na rubuta wannan na sake karantawa, na ga kamar ba amsar takardarki ba ce. Amma ita na iya, Yaya. In aka ce hoto ba ya zuwa na san inda zan taɓa.

Na nemi hutu. Shugaban aikin ya ce sai an gama jeren gidajen da muke kai, ban san yaushe ba, ruwan nan ya mayar da komai baya. In na zo ba sai an nemi kujera ba, goya shi zan yi, ni kaɗai na isa. Ki gaya masa haka. Kafin nan ki ɗauke kofin, don Allah. Ba faɗa nake miki ba.

Ƙaninki, Dogo.

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ruwan bai taɓa lafiyarka ba. Mu lafiya. Kunnen ƙaramar ya warke. Baba yana ci, amma sai an yi ta lallashi, kuma ya rame har zoben hannunsa ya fara juyawa.

Kofin na ɗauke shi tun kafin takardarka ta zo. Ba wani tunani na yi ba, kofunan ne suka ƙare a kwando na ɗauka na wanke. Da magariba na ce wa yara duk wanda ya mayar da tasha in Kaka ya canza, ni da shi ne. Muka zauna. Ba abin da ya canza. Washegari ma haka.

Na ɗauka wani abu ne ya lalace. Na sa sabon batir, na goge ɗan idon da bakin zani, na bi bututu tun daga baranda har ƙofarsa ko ɓera ya taɓa. Na tsaya a gefen gadonsa na danna da hannuna, na jiyo yara daga falo suna cewa ya canza. Komai lafiya lau yake. Shi ne ya daina dannawa.

Ranar hutun baban yara na ce masa yau ko bayana zai karye sai an kai Baba falo. Ya ce ba sai na taɓa ba, ya kira mai walda. Na wanke farar kujera, na shimfiɗa mata tawul, na sa yara suka kunna labarai suka zauna shiru. Muka shiga. Na ce, "Baba, yau falo za mu, yara na jiranka."

Baban yara ya sa hannu ƙarƙashin hammatarsa. Sai Baba ya miƙa hannun hagu ya kama ƙarfen gado. Mai walda ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, saki mana, mu ne fa." Ya ɗan taɓa yatsun, ya ji yadda suka riƙe, ya janye hannunsa. Ban san da sauran ƙarfi haka a jikinsa ba, har jijiyoyin hannun suka tashi. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni na yi." Bai dube ni ba, bango yake kallo. Baban yara ya ce, "A bar shi, kada a ji masa ciwo." Suka fita da kujerar.

Da suka fita ya saki ƙarfen. Ya lalubo rimot a gefen matashi, ya kamo hannuna ya sa mini a tafi, ya naɗe yatsuna a kai ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi mini alama da bayan hannu in tafi, a hankali, yadda yake sallamar baƙo in hira ta ƙare. Na tsaya ina jira ko zai sake dubana. Da na ga ba zai duba ba na fito.

Mun sake gwadawa bayan nan, da ya ji ƙarar kujera a lungu sai ya kama ƙarfen. Na gaya masa saƙonka, na ce Dogo ya ce zai zo ya goya ka. A nan ne kawai ya juyo da idanunsa, ya daɗe yana kallona, ban san me yake nufi ba.

Yanzu nakan kai tabarmata ɗakinsa bayan magariba in zauna. Ba ya kore ni, ba ya kula ni. Mu biyu muna kallon abin da falo ya zaɓa. Jiya ina zaune sai na ji hawaye na zuba a wuyana, ban san lokacin da suka fara ba, kuma tsoro nake ji, Dogo.

Kada ka aiko da dikoda, ba abin da za ta yi. Ka koma wajen shugaban naku ka sake roƙonsa, ka gaya masa Baba ba zai jira a gama gidaje ba. Wataƙila in kai ne ka miƙa masa hannu ya saki gadon.

Yayarka.